Taɓo, Laka da Ƙasa: Nazari a Kan Kalmar "Mud" ta Turanci

Kalmar Turanci "mud" tana cikin kalmomin da yaro kan koya tun a firamare ya wuce, ba ya sake waiwayarta. Harafi uku ce, gaɓa ɗaya, kuma kowane ƙamus aka buɗe abu guda zai faɗa: ƙasa ce da ruwa ya jiƙa ta yi laushi, tana manne wa ƙafa da tayar mota. Malami ya ce "mud", aji ya amsa "taɓo", a wuce kalma ta gaba. A ganinmu wannan saurin wucewa ya jawo asara. Marubutan Ingilishi sun yi aiki mai nauyi da kalmar nan a kan ƙasarsu, sun kuma yi ɓarna da ita a kan tamu, sannan ɓarnar ta bi ta fassara da rahotannin labarai ta shigo cikin rubutun Hausa. Don haka ya dace a tsaya a kanta, a ga me take nufi a bakin masu ita, ina ta yi daidai, ina kuma ta kauce.

Kalmar a gidansu

Masana tarihin harshe sun nuna cewa "mud" ta fara bayyana a rubutun Ingilishi wajen ƙarshen ƙarni na 14, kuma galibinsu na ganin aro ce daga harsunan mutanen arewacin Jamus da Holan, waɗanda ƙasarsu fadama ce, suna kuma cinikayya da Ingila ta teku. Tana da 'yan'uwa a cikin harshen, kowace da aikinta. "Soil" ta manomi ce, a cikinta ake shuka. "Clay" ta mai ginin tukwane ce da mai gasa bulo. "Earth" ta fi su girma, domin ita ce ƙasar da ake rufe mamaci da ita, ita ce kuma duniyar baki ɗaya. "Dust" ƙura ce. Abin da ya rage wa "mud" shi ne ƙasar da ba wanda ya nufa da ita: ruwan sama ya zuba, dawaki da mutane suka tattake, ta zama abin da ake kankarewa daga takalmi kafin a shiga ɗaki. Sauran kalmomin suna nuna amfanin ƙasa. Ita wannan tana nuna halin da ƙasa ta shiga bayan ta lalace.

Duk wanda ya saurari yadda Bature ke amfani da ita a maganar yau da kullum zai ji haka. Yarfen siyasa a wurinsu "mudslinging" ne, wato jifa da taɓo, kuma suna da zancen cewa in aka yawaita jifan, dole wani ya manne. Wanda aka ɓata wa suna sukan ce an ja sunansa a cikin taɓo. Mutumin da ya ƙi sauyi, ya nace wa tsohon yayi, shi ne "stick-in-the-mud", wanda ya kafe kamar jaki a fadama. In bayani ya cukurkuɗe sai su yi gatse su ce ya fito sarai kamar taɓo. In wani ya shigo da zancen da zai dagula muhawara sai a ce ya mai da ruwa "muddy". Idan aka cire wasan yara da wankan taɓo na masu gyaran fata, da wuya a ji kalmar a wurin yabo.

Akwai ma wanda suka fi so, "his name is mud", da ake faɗa wa wanda mutuncinsa ya zube. A Amurka an daɗe ana cewa daga sunan likita Samuel Mudd aka samo shi, mutumin da ya ɗaure karayar John Wilkes Booth bayan ya harbe Shugaba Abraham Lincoln a watan Afrilun 1865. Labarin yana da daɗin ji, amma lissafi bai ba da shi ba: an riga an rubuta wannan magana a wani ƙamusun kalmomin 'yan tasha da aka buga a Landan a 1823, shekara 10 kafin a haifi likitan. Sunansa ne ya faɗa cikin ramin da aka riga aka haƙa.

In muka ajiye waɗannan kusa da namu, za mu ga inda harsunan biyu suka rabu. Bahaushe in zai ɓata mutum, kashin kaji yake shafa masa. In lamari ya lalace yakan ce ya caɓe, wannan kam ya yi kusa da na Bature. Amma ga "kwaɓarsa ta yi ruwa". Wannan maganar mai kwaɓi ce, ko na gari ko na ƙasa, mutumin da ya san akwai awon ruwa, ya san in an zarce shi aiki ya ɓaci. Bature yana kallon jiƙaƙƙiyar ƙasa daga kan hanya, yana tattare rigarsa. Bahaushe yana iya kallonta haka, yana kuma iya kallonta daga cikin wurin kwaɓi, ƙafafunsa a ciki har gwiwa.

Inda kalmar ta yi aikinta

Ba mu san wanda ya mori kalmar nan kamar Charles Dickens ba. Littafinsa Bleak House, wanda ya fito kashi-kashi daga 1852 zuwa 1853, da taɓo da hazo ya buɗe. Landan ce a watan Nuwamba. Tituna sun caɓe kamar yanzu ruwan tufana ya janye, har mai ba da labarin yana ganin ba abin mamaki ba ne a ci karo da wata ƙatuwar dabbar zamanin da tana hawan tudun Holborn. Karnuka sun ɓace cikin caɓi, masu tafiya suna zamewa a inda dubbai suka zame tun safe, kowa yana ƙara nasa a kan na wani. Sai Dickens ya kwatanta taruwar taɓon da bashin da ruwansa ke hawa kan ruwa. Da wannan kwatance guda ya ɗaure titi da banki. Daga nan ya kai mai karatu tsakiyar hazon, inda babban alƙali ke zaune a Kotun Chancery mai duba gado da wasiyya, ana sauraron shari'ar Jarndyce, wadda ta ci zuriya bayan zuriya, kuma ba za ta ƙare ba sai kuɗin lauyoyi sun cinye dukiyar da ake rigima a kanta.

Abin da ya sa wannan buɗewa ta yi ƙarfi shi ne ma'anar kalmar ta dace da abin da ake zargi. Taɓon Landan na wancan lokaci yawancinsa kashin dawaki ne da toka da shara, ba wanda ya ƙudurta yin sa, kowa ya sa hannu, ba kuma wanda ya ɗauki alhakin kwashewa. Haka kotun take. Sannan Dickens bai bar taɓon ya tsaya a matsayin ado ba, ya ba shi mutum: Jo, yaron da ba shi da kowa, wanda sana'arsa share wa masu hali wurin tsallaka titi don kada tufafinsu su ɓaci. Tsabtar wani tana tsaye a kan tsintsiyar wani. A 1851 ɗan jarida Henry Mayhew ya riga ya rubuta labarin "mudlarks", yara da tsofaffin mata masu shiga lakar Kogin Thames in ruwa ya janye, suna tsintar gawayi da ƙusoshi da guntun igiya su sayar. Yau masu wannan suna 'yan sha'awar kayan tarihi ne, sai sun karɓi takardar izini kafin su sauka bakin kogin. Kalmar tana nan, talakan cikinta ne aka manta.

Wuri na biyu da kalmar ta yi nauyi shi ne Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daga 31 ga Yuli zuwa 10 ga Nuwamban 1917 aka gwabza a kusa da Ypres ta Beljiyam, yaƙin da aka fi sani da Passchendaele. Yankin shimfiɗaɗɗe ne, ƙasarsa yumɓu, magudanan ruwa ne ke riƙe da shi. Luguden igwa ya farfasa magudanan, ruwan Agusta ya sauka, fili ya zama kududdufi bayan kududdufi. Sojoji suna tafiya a kan katakon da aka shimfiɗa, wanda ya zame da kayansa a baya sau da yawa ba a iya ciro shi. Kowane ɓangare ya yi asarar fiye da mutum 200,000 tsakanin matattu da masu rauni, a kan ci gaban da bai wuce kilomita 8 ba. Siegfried Sassoon, wanda shi kansa soja ne, ya rubuta waƙarsa "Memorial Tablet" da muryar wani matashi da ya nutse a wannan taɓo, alhali attajirin ƙauyensu da ya ingiza shi shiga soja yana zaune a coci yana kallon sunansa a allon tunawa. Mary Borden, Ba'amurkiyar da ta riƙe asibitin sojoji a bakin daga, ta yi wa taɓon waƙa sukutum a shekarar.

Waɗannan marubuta sun zaɓi kalmar ne domin ba ta da daraja ko kaɗan. Masu wa'azin yaƙi suna maganar zubar da jini a kan ƙasar haihuwa, su kuwa suka amsa da taɓo, wanda ba a yi masa kirari, ba a rataya masa lambar yabo. A nan ƙasƙancin kalmar shi ne gaskiyarta, kuma ba mu da abin cewa sai yabo.

Da ta tsallako teku

Matsalar ta fara ne lokacin da aka ɗauko kalmar da ke nufin abin da ba a nufa ba, aka ɗora ta a kan abin da aka gina da nufi. Joyce Cary ya yi aikin mulkin mallaka a Borgu, kuma a 1939 ya fitar da Mister Johnson, labarin wani akawu a wani gari na arewacin Nijeriya da ya raɗa wa suna Fada. Inda ya tsaya bayyana garin, ya kusanta shi da ramukan namun daji, ya ce ba kyau ba lafiya, ya kwatanta bangayensa na "mud" da fuskar da agana ta bar wa zanzana. Cary gwani ne, jimlolinsa suna gudu. Amma a duba abin da kalmar ta yi masa: ta ɗauke masa wahalar tambayar wa ya gina bangon, da me, yaushe aka yi masa yaɓe na ƙarshe, me ya hana a sake. Tunda "mud" ne, ai ba magini, ba tarihi, ƙasa ce kawai ta taru. Dickens ya ga taɓo ya nemi mai laifi. Cary ya ga bango ya kira shi taɓo, ya huta da neman kowa.

Chinua Achebe ya sha faɗin cewa wannan littafi na cikin abubuwan da suka tunzura shi ya ɗauki alƙalami. A Things Fall Apart na 1958, lokacin da ya zo nuna arzikin Okonkwo, katangar gidansa ya nuna, mai kauri, ta jar ƙasa, ya kuma nuna matan gidan suna goge bangaye da jar ƙasa kafin bikin sabuwar doya har suna ɗaukar ido. Abin ginin iri ɗaya ne da na Fada. Bambancin shi ne a wurin Achebe katangar shaidar ƙwazon mai gida ce, kuma akwai hannayen da ke kula da ita.

Mu gwada juya maganar. In aka fassara "mud house" kalma da kalma, abin da zai fito shi ne "gidan taɓo". Ba Bahaushen da zai faɗi haka sai in zagi yake nufi, domin taɓo abin da mota ke kafewa a ciki ne. Gidan ƙasa muke cewa, a wasu wuraren ginin laka. To abin da mai karatun Ingilishi ke ji ke nan duk lokacin da aka ce masa ganuwar Kano ta "mud" ce. Wannan ganuwa, bisa Tarihin Kano, Sarki Gijimasu ne ya fara ta wajen ƙarni na 12, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Ran 3 ga Fabrairun 1903, da sojojin Kanar Morland suka iso, igwoginsu ba su iya fasa jikinta ba, sai da suka koma kan ƙyauren ƙofa. Gwamna Lugga da kansa ya rubuta mamakin girmanta. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, da ƙasa da itace aka yi ta, kuma tsohon garin ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarim a ƙarni na 19, har yau masana gine-gine suna nazarin bakan gizonsa.

Abin da kalma ɗaya ta haɗiye a nan ilimi ne mai sunaye. Magini yakan zaɓi ƙasa, don ba kowace ke gini ba. A haƙo ta, ramin da aka bari ya zama kududdufin unguwa. A jiƙa, a tattake, a zuba ciyawa, a bar ta ta kwana ta tsima, a sake kwaɓawa. A cura tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi a rana, shi ya sa gini aikin rani ne. A jera tubalin, bango ya faro da kauri ya tafi yana sirancewa. Rufi kuwa sai azara, wadda ake tsagawa daga giginya saboda gara ba ta cika cin ta ba, kuma da yake azara ba ta da tsawon da za ta haye babban ɗaki, sai magina suka gano dabarar ɗora ta hawa-hawa har ta zama bakan gizo da tulluwa. Sannan yaɓe: makuba daga kwasfar ɗorawa, laso daga katsin marina da gashin jima da dafara. A fitar da indararo don ruwa ya zuba nesa da bango, a tsayar da zankaye a kan soro. Akwai Sarkin Magina, akwai gidajen da suka gaji sana'ar. Duk wannan, a rahoton Bature, harafi uku ne.

Kada a ce Ingilishi ba shi da wata kalmar. A yankin Devon na kudu maso yammacin Ingila akwai dubban gidaje na ƙasa da ciyawa, wasu sun shekara ɗaruruwa, har da gidan da aka haifi Walter Raleigh a ƙarni na 16. Sunan wannan gini "cob", kuma masu shi suna da karin maganar cewa abin da yake bukata kawai hula mai kyau da takalmi mai kyau, wato rufi da tushe. A kudu maso yammacin Amurka sunansa "adobe", kalmar da ta bi ta Sifaniyanci daga Larabci, kuma akwai masanan da ke danganta tubalinmu da wannan tushe na Larabci. Gaskiya ne a Lincolnshire akwai ginin da su da kansu suke kira "mud and stud", don haka ba za mu ce ba sa taɓa kiran nasu da kalmar ba. Sai dai a can ana haɗa ta da "cottage", gidan ƙauye abin sha'awa da ake ɗauka hoto. In ta zo Afirka abokiyar tafiyarta "hut" ce, bukka. Kalmar ba ta canja ba, mai gidan ne ya canja.

Da ta dawo mana

Da a ce abin ya tsaya a littattafan Turawa, da sai mu bar shi ga masu nazarin mulkin mallaka. Amma duk mai karanta ƙagaggun labaran Hausa, daga na kasuwar Kano zuwa waɗanda ake sakawa a intanet babi-babi, ya san wani tsari da ya zama ruwan dare. Yarinya 'yar talakawa tana zaune a gidan ƙasa, kuma jimla ɗaya ake ba gidan: ya zaizaye, ya tsage, yana yoyo. Da ta auri mai kuɗi sai alƙalami ya buɗe, a yi shafi biyu ana lissafin tayil da labule da kujeru da fitilu, har da ƙasar da aka yo odarsu. Gidan ƙasa a irin wannan rubutu alama ce kawai, kamar yadda ake sa wa mugu jan ido. Ba a jin sanyin soro da tsakar ranar bazara, ba ƙamshin bango in ruwan farko ya taɓa shi, ba zaure inda maigida ke karɓar baƙi, ba ranar da dangi ke taruwa yaɓe kafin damina. Marubucin yana rubuta "gidan ƙasa" da Hausa, amma idon da yake kallon gidan da shi na Cary ne.

Wannan rashi ne na adabi kafin ya zama na al'ada. Labari yana rayuwa da abin da marubuci ya lura da shi. Gidan da ya shekara uku ba yaɓe yana ba da labarin maigidan da ya tafi ci-rani bai dawo ba, ko 'yan'uwan da suka daina magana, ko gadon da ba a raba ba. Tsagar bango tana da dalili, kuma Bahaushe ya riga ya san abin da ke biyo bayanta, tunda shi ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Marubucin da ya san bambancin bangon da ruwa ya ci daga sama saboda indararo ya karye, da wanda ya ci daga gindi saboda maƙwabci ya toshe kwata, ya samu rigima, ya samu mutane, ya samu babi guda. Wanda bai sani ba sai ya rubuta "talauci" ya wuce.

Ba muna cewa a yi wa ginin ƙasa kirarin da bai cancanta ba. Akwai gaskiya a cikin kalmar Bature da ba za mu ɓoye ba: ginin ƙasar da aka yi wa sakaci taɓo yake komawa. Kowace damina, musamman a watan Agusta, ana jin labarin gidajen da suka rufta wa mutane cikin dare a ƙauyuka da tsofaffin unguwanni. Yaɓe yana son hannu da yawa da lokaci, azara ta yi tsada, gwanayen magina suna raguwa. Matar da ta kwana tana tara kwanuka a ƙarƙashin yoyo tana da hujjar son bulo da kwano, kuma wanda ke zaune a gidan siminti ba shi da bakin yi mata wa'azin gargajiya. Sai dai wannan ma dalili ne na rarrabe kalmomi. In ƙasa da taɓo suka zama abu guda a bakin mai ba da labari, to rushewar gida ba ta bukatar bayani, ai dama taɓo ne. In kuwa an rarrabe su, dole a yi tambaya: me ya mai da wannan ƙasa taɓo? Wa ya cike kududdufin da ruwan unguwa ke taruwa ya sayar da filin? Wa ya ɗaga titi ya bar gidaje a kwari? Irin tambayar da Dickens ya yi wa Landan ke nan.

Abin ya wuce littafi. Ma'aunin talauci mai fuskoki da yawa, wanda wata cibiya a Jami'ar Oxford da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fara fitarwa a 2010, yana ƙirga gidan da ƙasan ɗakinsa ƙasa ce cikin masu rashi. Akwai hujjar lafiya a bayan haka, domin turɓaya tana ɗauke da tsutsar ciki. Amma a takardar tambayoyin, daɓen da mata suka buga da makuba har ya yi santsi da tsurar turɓaya layi ɗaya suke shiga. A ɗaya gefen kuma duniyar masu zanen gine-gine ta juyo. Masallacin Yaama a yankin Tawa, wanda Falke Barmou ya fara a 1962, ya samu lambar Aga Khan a 1986. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya gina makarantar ƙauyensu Gando da tubalin ƙasa a 2001, ya karɓi lambar Pritzker a 2022, ɗan Afirka na farko da ya samu. A Dandaji ta Nijar, Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da matsattsen tubalin ƙasa, aka kammala a 2018. Mujallun da ke yaba waɗannan ayyuka sun fi son kalmar "earth" da "clay". Da ginin ya samu lambar yabo sai sunan kayan ya sauya.

Abin da muke nema

Ga mai fassara, bukatar a fili take. Duk inda ya ci karo da "mud", ya tsaya ya tambayi kansa wace ce a cikinsu. In mota ce ta kafe, taɓo ne. In kasuwa ce bayan ruwa, caɓi ne. In gindin tafki ne inda gaiwa ke ɓuya, laka ce. In tukunya za a gina, yumɓu ne. In bango ne, ƙasa ce. In siyasa ce, yarfe ne, ba sai an jefi kowa da komai ba. In kuma daga Hausa zai kai Turanci, ya sani "earth" da "clay" da "adobe" suna nan, kuma tubali da makuba da azara suna iya shiga jimlar Ingilishi da sunansu, kamar yadda kalmomin girkin Italiya da na ginin Japan suka shiga ba tare da neman izini ba. Masu rubutu a waya kuma su riƙa sa ƙugiya, domin tabo da taɓo ba ɗaya ba ne, ko da yake na biyun yakan bar na farkon.

Ga mai ƙaga labari, darasin da ke cikin Dickens da Sassoon ba aron taɓonsu ba ne. Su sun san ainihin abin da ke manne a takalminsu, daga ina ya zo, wa ke share shi, wa ke mutuwa a cikinsa. Namu marubutan suna da kalmomi biyar ko shida inda Ingilishin yau da kullum ke wadatuwa da ɗaya, suna kuma da magina da ransu a Kano da Zariya da Katsina da Damagaram waɗanda za a iya zama da su a yi tambaya. Muna jiran littafin Hausa da jaruminsa magini ne, ko wanda a cikinsa yarinya za ta bar gidan ƙasa ta shiga na siminti, marubucin kuma ya iya gaya mana dalla-dalla abin da ta samu da abin da ta bari.